Baba da Dutsen 'Yan Mazan Jiya

Shekarar da Baba ya zo mana Greenbelt, a Amurka, aikin ido ya haura tamanin, amma in ka kuskura ka ce masa tsoho sai ya tambaye ka ko za ka iya taka ƙasa daga Kano zuwa Wudil da buhu a ka. Yana ta rufe masa ido, na dama gaba ɗaya, na hagu saura ɗan dishi-dishi, kunnen hagun ma ya daɗe da yin ritaya. Ni ce autarsa, kuma aikin jinya nake yi a wani asibiti, don haka yayyena suka haɗa baki suka ce ai wurina ya fi dacewa ya zo. Sun san abin da suke yi sarai, hutu suke nema.

Baba sojan yaƙin Bama ne, ba Bama ta Borno ba, waccan ta can gabas inda Turawan Ingila suka kwashi samarinmu suka kai su yaƙi da Japan. Ya bar soja tun kafin a haifi babbar yayarmu, amma soja bai bar shi ba. Bargonsa sai ya ninke shi kusurwa huɗu cif. A gida Kano, duk jajibirin Sallah sai ya kwaɓa farar ƙasa a bokiti ya bi duwatsun ƙofar gida ɗaya bayan ɗaya, ya bi gindin darbejiya, har turken akuya bai tsira ba. A ganinsa wurin da ake girmamawa fari yake zama, haka aka koya masa a bariki. Da ya zo wurinmu kuwa, duk wanda ya gani da kayan sarki sai ya ƙame ya sara masa. Mai kawo wasiƙu ya sha sarawa har ya saba, ya fara ramawa.

Labaran yaƙinsa girma suke yi da shekaru. Macijin da ya kashe a daji ina firamare kamu shida ne, ranar aurena ya kai goma sha biyu. Amma akwai labari ɗaya da ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, kuma ba a dariya in ana yin sa. Su biyu suka bar ƙauyensu, shi da abokinsa na ƙuruciya, kuma Baba ne ya zuga shi suka shiga soja. Wata safiya aka aike su ɗibar ruwa a wani rafi, sojojin Japan suka yi caraf da abokin, Baba yana kwance cikin ciyawa yana kallo suka tafi da shi. Da aka gama yaƙi Baba ya dawo shi kaɗai. Aka tambaye shi, ya mutu? Ya ce wallahi bai sani ba. Saboda wannan rashin sanin ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce Allah ya jiƙansa. Uwar abokin ta rasu tana jira, ubansa ma haka, aka bar ƙanwarsa guda, wadda muke kira Gwaggo. Duk Sallah Baba sai ya je ƙauye gaishe ta, kuma duk Sallah, bayan an gama tambayar gida da gona, sai ta ce, "Yaya, har yanzu babu labari?"

Da ta ji zai taho Amurka sai ta sa aka kawo ta har Kano. Ta ce tunda ƙasar Turawa za shi, su ne suka tafi da ɗan'uwanta, ya tambaye su. Baba ya ɗauki alkawari. Na yi masa bayani har bakina ya bushe cewa Turawan nan daban, waɗanda suka kai shi Bama daban, akwai teku guda a tsakaninsu. Ya ce, "Auta, ke dai yarinya ce. Ai duk sun san juna."

Abin haushin shi ne, ya kusa yin gaskiya.

A ƙasan benenmu akwai wani dattijon Ba'amurke, matarsa ta rasu, yana tafiya da sanda, kullum da hula mai ɗauke da bajoji. Shekara huɗu muna gaisawa sama-sama ban san komai a kansa ba. Baba ya yi sati ɗaya ya gano cewa mutumin ya yi yaƙin Koriya, an kama shi, ya yi fiye da shekara biyu a sansanin fursunoni. Yadda suka fahimci juna Allah kaɗai ya sani, don Turancin Baba bai wuce kalma talatin ba, rabinsu kuma umarnin fareti ne. Kullum da hantsi za ka same su a benci gaban gida, wannan yana nuna tabon ƙafarsa, wancan yana nuna na kafaɗa. Baba ya naɗa shi Samanja. Mutumin ya ce in gaya masa shi fa ko igiya ɗaya bai taɓa samu ba, Baba ya ce ba komai, shi ya ba shi.

Samanja ne ya gayyace mu cin abincin rana a zauren ƙungiyarsu ta 'yan mazan jiya, wani ɗan gini mai jan bulo can wajen Beltsville. A gabansa akwai fili mai ciyawa, da sandar tuta, da itatuwa biyar, da wani dutse baƙi wuluk mai sheƙi, tsawonsa ya kai ƙirjina, an sassaƙa sunayen 'yan yankin da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Baba ya tsaya ya ƙura masa ɗan abin da ya rage na idonsa, ya girgiza kai. Da na san abin da wannan girgiza kan yake nufi, da tun ranar na ɓoye masa takalma.

A cikin zauren, can gefe, akwai wani ɗan tebur da farin ƙyalle, kujera ɗaya, fure ɗaya, kofi a kife, da faranti mai ɗan gishiri da yankin lemon tsami. Baba ya ga kujera ba kowa, ya ɗauka ta babban baƙo ce, kuma a lissafinsa babu babban baƙo sai shi. Ya tattara babbar rigarsa ya nufe ta. Na cafke hannunsa saura ƙiris ya zauna. Ya leƙa farantin ya ce, "Wannan wace irin rowa ce, gishiri da lemo?" Samanja ya matso ya yi bayani, ina fassarawa, cewa teburin na waɗanda aka kama ne da waɗanda suka ɓace, kullum a shirye yake, ba a zama a kujerar don tasu ce. Baba ya saki rigarsa. Ya ce in gaya wa Samanja shi ma yana da mutum a kujerar nan.

Nan take Samanja ya kai mu wurin sakatariyar ƙungiyar. Wata tsohuwa ce siririya, tabarau rataye da sarƙa a wuya, irin mutanen da in suka kalle ka sai ka duba ko maɓallinka a buɗe yake. Yayanta yana cikin sunayen da ke kan baƙin dutsen, an kama shi a Koriya tana 'yar makaranta. Ita ce take wasiƙa da masu kula da kaburburan sojoji a ƙasashen waje, ta san wa ke yanke ciyawa a ina, wa ake aika wa fure, wa ake rubuta wa in ana neman suna. Na ba ta labarin abokin Baba da na Gwaggo. Ba ta nuna komai a fuska ba, ta ce suna kaɗai ba zai isa ba, ko akwai lambarsa ta soja? Ban gama fassarawa ba Baba ya ƙame ya zubo lambar daga farko har ƙarshe, ba gargada, mutumin da ba ya iya riƙe lambar ɗakinmu. Ta rubuta, ta ce sai an yi haƙuri, abin yana ɗaukar makonni, kuma ba ta yi alkawarin komai ba.

Tun a mota Baba ya fara. "Auta, me za mu yi wa matar nan?" Na ce akwai turaren wuta, akwai dambun naman da ya zo da shi. Ya ce wannan kyautar mata ce, soja da aiki yake godiya. Ashe Samanja ya riga ya yi masa ƙorafi, da hannu da ƙafa, cewa babbar ranarsu ta tunawa da fursunonin yaƙi tana tafe wata Juma'a a watan Satumba, ga shi duk gwiwoyinsu sun mutu, babu mai iya durƙusawa ya wanke dutsen. Abin da Baba ya ɗauka a ciki shi ne, bayin Allah sun tsufa, sun bar dutsensu ya yi baƙi ƙirin.

Dole a nan in kawo maigidana. Injiniya ne, yana da digiri uku, gadoji yake dubawa. Na taɓa jin sa a waya yana musu da Turawa huɗu a lokaci guda, kuma shi ya ci. Amma a gaban Baba ba ya da baki. Tun da surukinsa ya sauka ya daina zama a kujera a falonsa, a kafet yake rakuɓewa, in Baba ya ce rana daga yamma take fitowa sai ya ce, "Haka ne, Baba, wani lokacin." Ranar Laraba da yamma Baba ya ce masa, "Injiniya, a garin nan ana samun farar ƙasa?" Ya ce ana samu a shagon kayan lambu. Suka je suka sayo buhu guda, da bokiti, da manyan buroshi biyu, suka bar su a but ɗin mota. Bai tambayi me za a yi da su ba, wai ba a yi wa suruki tambaya. Ni ma bai gaya mini ba, wai Baba bai ce a faɗa ba.

Ranar Alhamis, jajibirin bikin, ina diyutin safe. Wajen ƙarfe tara aka ce ana nemana a waya. Samanja ne, amma ba na jin abin da yake faɗa, sai shessheƙa da tari da numfashi sama-sama. Na fara tambayarsa ko ƙirjinsa yana ciwo, ko hannunsa na hagu ya yi nauyi. Da ƙyar na gane dariya yake yi. Abin da na iya tsinta kawai shi ne, ki zo zaure, babanki.

Na roƙi wata ta riƙe mini marasa lafiyata, na faɗa babban titin Beltway, inda motoci suka tsaya cak kamar an shuka su. Duk addu'ar da na iya na karanta. Da na karyo kwanar zauren, sai da na taka birki a tsakiyar titi.

Komai fari fat. Itatuwan nan biyar kowanne an sa masa farar safa har gwiwa. Duwatsun da suka kewaye ciyawa fari, gindin sandar tuta fari, har murfin famfon ruwa bai tsira ba. A tsakiya ga baƙin dutsen nan ya koma fari sol daga sama har ƙasa, babu alamar harafi ɗaya. Gefe ga motar 'yan sanda tana walƙiya. Ga Samanja zaune a kan bokiti a kife yana share hawaye. Ga sakatariya tsaye ta dafe jakarta a ƙirji, fuskarta ta kusa kamo dutsen a fari. Ga maigidana, mai digiri uku, wandonsa duk dabbare-dabbare, buroshi a hannu, yana nazarin takalminsa. Baba kuwa yana gefen dutsen a ƙame, ƙirji a gaba, lambobin yabonsa biyu a maƙale a rigar sanyi, yana jiran a zo duba fareti.

Na ja maigidan gefe. Na ce, "Kai da idonka biyu lafiyayyu, ba ka ga sunaye ba?"

Ya ce, "Na gani. Wallahi na faɗa masa."

"Da wace murya?"

Ya ce, "Ta gefen hagu na tsaya."

Wato kunnen da ya mutu. Na ce to da ya ga bai ji ba fa? Ya ce Baba ya riga ya miƙa masa buroshi ya ce ya yi saman tunda ya fi shi tsawo. Har yau in muka yi faɗa ina tuna masa cewa saman dutsen nan aikinsa ne, kuma ya fi na Baba kyau, ko ɗigo babu.

Ɗan sandan, wani matashi mai haƙuri, ya fito da littafi ya ce wa ya yi wannan aiki? Baba ya ji an yi tambaya da muryar hafsa, ya taka gaba ɗaya, ya sara, ya faɗi muƙaminsa da lambarsa. Ɗan sandan ya ce in tambaye shi ko yana da wata ƙullalliya ne da tsofaffin sojoji. Ban fassara wannan ba, ina son ransa. Baba ya ce, "Gaya masa shafi biyu muka yi. Na ukun sai ya sha iska." Na juya na ce wa ɗan sandan mahaifina yana matuƙar ba da haƙuri. Baba ya ƙara da cewa in akwai wani dutsen a unguwa su faɗa, akwai sauran rabin buhu. Na ce kuma ya ce ba zai sake ba.

Kafin nan tsofaffin sun fara isowa, don labari ya zaga. Abin mamaki, rabinsu dariya suke. Wani mai keken guragu ya ce rabonsa da ganin dutse da farar ƙasa tun yana ɗan sha takwas, su ma haka aka sa su yi a sansanin horo duk ranar da janar zai zo, har gawayi sun taɓa shafawa. Wani ya je ya duba gindin itatuwan ya ce layin ya miƙe, wannan aikin kofur ne na gaske. Baba yana jin sautin yabo ko bai ji kalmomin ba, sai ƙara buɗe ƙirji yake yi.

Sakatariya ba ta yi dariya ba. Ta tako a hankali har gaban dutsen, ta sa yatsa a wani wuri can ƙasa ta dama, inda ta san sunan yake ko ba ta gani, ta tsaya. Nan dariyar ta mutu. Ni kuma raina ya gama ɓaci, kunya da haushi suka haɗu mini, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa Baba murya a gaban mutane. Na ce, "Baba, ba datti ba ne! Haka dutsen yake, baƙi! Sunaye ka shafe!" Ya ce wane irin sunaye? Na kama hannunsa na ɗora a kan dutsen, na bi da yatsunsa ta kan ramukan haruffan da ke ƙarƙashin farar ƙasar. Na ce na mutanensu ne da ba su dawo ba, wanda matar nan take taɓawa kuma yayanta ne.

Ya bi layi ɗaya da yatsa, ya bi na biyu, ya bi na uku. Ina kallo ƙirjin nan ya sauka. Ya cire lambobinsa ya sa a aljihu. Ya ce, a hankali, "Ni da na zo roƙon suna ɗaya, na shafe na mutane duka." Wannan na fassara shi daidai, kalma da kalma. Sakatariya ta ji, ba ta juyo ba.

Allah ya taimake mu farar ƙasar ba ta gama kamawa ba, dutsen kuma mai santsi ne. Aka jawo tiyo, muka duƙufa, ni da kayan asibiti, maigida da ragowar mutuncinsa, tsofaffi sun jera kujeru suna ba da umarni. Baba ya ƙi buroshi. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na shekara tamanin, ya cire hiramin da ke kafaɗarsa, ya ce a nuna masa na yayan matar, shi zai wanke da hannunsa. Kafin azahar dutsen ya dawo baƙi yana sheƙi, sai dai farar ƙasar ta maƙale a cikin ramukan haruffan ta ƙi fita, sunayen suka fito fari tas. Samanja ya ce shekara goma rabon da ya karanta su ba tabarau. Sakatariya ta ce ba wanda ya tambaye shi. Ta gaya wa ɗan sandan ƙungiya ba ta shigar da ƙara, ta shiga motarta ta tafi, ko kallonmu ba ta yi ba.

Ba mu je bikin ba. Samanja ya hau bene da sandarsa ya yi ta lallashi, ya ce itatuwan ma an bar su da safarsu, kowa yana ɗaukar hoto, Baba ya ce shi ba shi da fuskar da zai kai wurin. Ya sa na rubuta wa matar takardar ban haƙuri, ya dangwala hannu. Ba amsa. Sati ɗaya, sati uku, sati biyar. Ni dai na riga na yanke cewa ta yayyaga takardar da ta rubuta lambar a kai, kuma in faɗi gaskiya, da ni ce da abin da zan yi ke nan, har in ƙara da tsaki.

A cikin wannan jiran aka yi masa aikin ido, ɗaya bayan ɗaya, kuma aka dace. Ranar da aka cire bandejin na biyu ya dube ni ya ce ashe na tsufa haka, ya dubi labulena ya ce yana son wanki. Amma macijin nan bai sake fitowa ba, tuwon ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Ya daina sauka benci. Tikitinsa na komawa yana ta matsowa, sanyi ya fara shigowa, wata safiya ina haɗa masa shayi ya ce, "Auta, me zan ce wa Gwaggonki? Da can ina ce mata ban sani ba. Yanzu sai in ce mata an kusa sani na ɓata da hannuna?" Tausayinsa ya kama ni har na manta ina fushi da shi.

Saura kwana tara ya tafi, ranar Asabar da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sakatariya ce, da kot ɗinta a maɓalle har wuya, da babbar ambulan a hannu. Na ce ta shigo ta zauna, ta ce a tsaye ma ya isa. Baba ya fito daga ɗaki, da ya ga ko wace ce sai ya zame ya zauna a ƙasa, dole ita ma ta ɗosana a bakin kujera.

Ta ce in fassara duka, kada in gyara, don ta lura ranar nan ina gyarawa. Ta ce ta aika wasiƙar tun satin da muka fara haɗuwa. Amsa ta zo kwana huɗu da suka wuce, ta bar ta a jaka tana yawo da ita saboda har yanzu haushinsa take ji, kuma ba ta daina ba. Amma jiya ta tuna akwai wata tsohuwa a wani ƙauye da take jiran yayanta, ita kuma ta san yadda wannan yake. Ta ce sharaɗi ɗaya ne, kada ya sake taɓa komai a jihar nan da buroshi. Baba ya ce ya ji, ya yarda.

A cikin ambulan akwai takarda da hotuna biyu. Takardar ta ce mai wannan lamba ya rasu a tsare, 'yan makonni bayan an kama shi, ba a san kabarinsa ba, amma sunansa yana jikin bangon tunawa a wata maƙabartar sojoji kusa da Rangun, a can ƙasar Bama. Baba ba ya karanta boko, amma ya san lamba. Ya sa sabon idonsa ya bi ta ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana faɗa a fili, har ya kai ƙarshe, sannan ya sake daga farko. Hoto ɗaya na sunan ne a jikin dutse. Ɗayan na wurin ne gaba ɗaya, ciyawa a yanke, furanni a jere, wani mutum can nesa da tsintsiya. Baba ya tambayi wane ne wannan. Ta ce ɗaya daga cikin masu lambun ne, 'yan ƙasar, kullum suna nan. Ya daɗe yana kallon mai tsintsiyar, ya ce Allah ya yi masa albarka, shi da 'ya'yansa.

Ya ce in kawo katin waya. Na ce ya bari ya isa gida mana ya faɗa mata baki da baki, kwana tara ne. Ya ce ta yi shekara sittin tana jira, ba zai ƙara mata kwana tara ba. Na kankare katin na danna lambobin nan masu tsawo, na kira maƙwabcin Gwaggo mai salula, lokacin can an idar da la'asar. Ya ce a ba shi minti goma ya kai mata. Muka zauna jira, har da sakatariya, wadda ta ce za ta tafi amma ba ta tashi ba.

Da na sake kira na buɗe muryar wayar. Muka ji kukan kaji, da muryar Gwaggo tana tambayar ta ina ake magana. Suka gaisa, gida, yara, sanyi, an fara yankan gero. Ta ce, "Yaya, ido ya buɗe?" Ya ce ya buɗe, alhamdu lillahi. Sai aka zo daidai wurin da ta saba yin tambayarta. Bai bari ta yi ba. Ya gyara zama, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Hajiya, ya haƙuri?"

Layin ya yi ta shuu, har na ɗauka katin ne ya ƙare. Can ta ce, "Haƙuri da godiya." Ta ce yaushe ne? Ya gaya mata, ya ce bai daɗe a hannunsu ba, kuma sunansa yana nan a rubuce a wuri mai tsabta, ana share masa. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa." Baba ya sunkuyar da kai, ni na ce amin a madadinsa.

Ba ta san yadda ake kashe waya ba. Muka ji ta miƙa wa mai ita, muka ji takunta tana jan ƙafa ta nufi cikin gida, sannan muryarta daga nesa tana kiran matan gidan.

"Ku fito da tabarmi ƙofar gida. An yi mana rasuwa."